Ƙananan Laftof na Gem a Zafin Sakkwato: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da bazara ta kankama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili kusan duk kukan zafi ne, kuma akasari daga masu 'yan ƙananan laftof ɗin nan na gem masu inci 14. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani jama'a da yawa. Duk inda mai tambaya ya kama sunan kamfanin da ya ƙera tasa yana ƙorafi, na cire sunan, domin abin da yake kuka da shi ba na kamfani ɗaya ba ne.

TAMBAYA: Ranka shi daɗe Malam, a watan Disamba na sayi laftof mai inci 14, mai girafik RTX 4060, sabuwa dal a kwali. Lokacin sanyi babu gem ɗin da ba ta ja. Amma tun da Maris ya kama, in na fara buga ƙwallon FC 24 ko wasan harbi na Warzone, kamar minti goma sha biyar na farko lafiya lau, daga nan sai hoto ya riƙa sarƙewa, fanka na ta kuka, saman kibod ba ya taɓuwa. Mai shago ya ce lafiyarta ƙalau. Ko dai jabu aka sayar mini?
Bashiru, Mabera

AMSA: Bashiru ƙanena, kwantar da hankalinka, ba jabu ba ce. Laftof ɗin da ka saya a Disamba ita ce dai a hannunka har yau. Ɗakin da kake zaune da ita ne ya canza.

Abu biyu ne ke haifar da zafi a cikinta, furosesa mai yin lissafin kwamfuta da girafik mai zana hoton da kake gani, kuma kusan duk wutar da suka sha zafi take komawa. Wasu bututun tagulla ne ke kwashe zafin daga kansu su kai shi bakin ƙofar iska, inda fanka ke hura shi waje. To, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakinka take zuƙa, da ita take fifita. In iskar mai sanyi ce aiki ya yi kyau, in mai zafi ce sai dai a yi maneji. Ka duba ɗan littafin da ya zo a cikin kwali, wanda na san ba ka buɗe ba: yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi amfani da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana kan haura digiri 40 a garin nan, ballantana ɗakin kwano marar silin da ƙarfe uku na yamma. Tun kafin ka danna makunni ka riga ka tsallake iyakar da suka gindaya.

Masu gwada laftof da kake kallo a YouTube a ɗaki mai iyakwandishan suke yi, wanda ba ya wuce digiri ashirin da ɗoriya. Mu ƙaddara a ɗaki mai digiri 22 furosesa ta tsaya a 80. Ka ɗauko wannan laftof ka kawo ta ɗaki mai digiri 40, ka ba ta aiki iri ɗaya, lissafi zai kai ta wajen 98. Alhali furosesar laftof, ta Intel ce ko ta AMD, iyakarta tana tsakanin digiri 95 zuwa ɗari da 'yan kai, girafik na Nvidia kuma daga 87 yake fara ja da baya. Da zarar sun taɓa wannan iyaka, da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Sarƙewar da kake gani ke nan. Dalilin da ya sa ba ta farawa sai bayan ɗan lokaci kuwa, tagullar da jikin laftof ɗin ne ke shanye zafin farko, sai sun ƙoshi sannan abin ya bayyana. Babbar laftof mai inci 16 tana da tagulla mai yawa da fanka mai faɗi, saboda haka ta fi jimiri. Ƙarama ba ta da wurin ajiye wannan kaya.

In kana son gani da idonka, ka sauke wata manhaja kyauta mai suna HWiNFO, ka bar ta a buɗe, ka buga wasa na rabin awa, sannan ka duba inda zafin ya kai.

Maganin da ya fi kowane aiki shi ne wanda 'yan gem suka fi ƙi, wato ka ƙayyade yawan hoton da take fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Fuskar irin waɗannan laftof tana iya nuna hoto 120 ko 165 a daƙiƙa, kuma in ka sakar mata mara sai ta yi ta ƙoƙarin cika wannan adadi har ta galabaita. Ka shiga saitin gem ɗin ka tsayar da shi a 60. Ƙwallo ba ta buƙatar fiye da haka. A wasan harbi kana iya ɗaga shi kaɗan, amma 70 da ta tsaya cak ta fi 110 da za ta faɗo 40 daidai lokacin da abokin gaba ya ɓullo. In gem ɗin yana da DLSS ka kunna, yana rage wa girafik nauyi.

Sai furosesa. Tana da ɗabi'ar zabura ta ƙara gudu ko da gem ɗin bai nema ba, kuma wannan zaburar ce ke kawo zafi mai yawa. A Windows ka shiga Control Panel, ka nemi Power Options, a cikin saitin ciki akwai Maximum processor state, ka mayar da shi 99 maimakon 100. Wannan ɗaya tal da ka cire tana hana zaburar. A yawancin gem ba za ka ji bambanci a hannu ba, amma a HWiNFO za ka gani.

Ka kuma rabu da maɓallin Turbo har damina ta sauka. Mutane na ganin tunda yana sa fanka ta yi ƙara, to sanyaya ta yake yi. Gaskiya ne yana ƙara wa fanka gudu, amma yana ƙara wutar da ake ɗura wa furosesa da girafik, sai a tashi ba riba. In manhajar laftof ɗinka tana ba da damar saiti da hannu, ka ɗaga fanka sama, ka sauke wuta ƙasa. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma ko cinya, domin ta ƙasa take shan iska. Tebur, sannan ka tokare bayanta da wani abu ta ɗan ɗaga. Kuma in ba dole ba, ka bar wasan sai bayan isha'i.

TAMBAYA: Malam, ni da abokina duk RTX 4060 gare mu. Tashi inci 16 ce, tawa 14, kuma tawa ta fi tsada. Amma in munka buɗe gem ɗaya, tashi ta fi tawa gudu. Mi yak kawo haka?
Aminu, Arkilla

AMSA: Aminu, sunan ne ɗaya, abincin da ake ba su ya bambanta. Nvidia ta ba masu ƙera laftof dama su ba RTX 4060 wuta daga wat 35 har zuwa 115, sannan akwai ƙarin 25 da yake iya arowa daga furosesa in ba ta aiki sosai, ya zama 140. Kowane kamfani sai ya duba iya zafin da jikin laftof ɗinsa zai iya fitarwa, ya zaɓi adadi. Sitikar da ke manne kusa da kibod ba ta faɗin wannan, kuma galibin masu shago ma ba su sani ba.

Ko a cikin masu inci 14 ba a taru an zama ɗaya ba. Razer Blade 14 ta 2023 tana kai wat 140. ASUS ROG Zephyrus G14 ta 2023 tana kai 125, amma da aka sake mata jiki a 2024 aka sirantar da ita, sai aka dawo da ita 90. HP Omen Transcend 14 ta 2024 kuwa 65 ce. Duka ukun kana iya samunsu da 4060 a ciki. Don ka san taka, ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka danna System Information a ƙasa, ka nemi layin Maximum Graphics Power.

Sai dai kada lambar ta ruɗe ka. Shi 4060 in ya wuce wajen wat 100, ƙarin da yake bayarwa kaɗan ne, saboda haka tsakanin mai 90 da mai 140 ratar ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. Inda ake jin jiki shi ne masu 45 da makamantansu. A nan Sakkwato ma ni na fi natsuwa da ƙaramar laftof mai wat 90 a kan ƙarama mai 140, domin wadda aka ƙera don ta fitar da zafin 140 a ƙasar sanyi, in ta zo nan da wuya ta riƙe wannan adadi na tsawon awa.

Batun tsada kuwa, ba gudu ka saya da ƙarin kuɗin ba. Rashin nauyi ka saya. G14 ta 2024 kilo ɗaya da rabi ce, manyan masu inci 16 da yawa suna kai kilo biyu da rabi, ban da cajarsu. Ranar da za ku hau kabu-kabu daga Arkilla zuwa Dundaye kowa da jaka a baya, ka tambayi abokin naka.

TAMBAYA: Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne, da laftof ɗin gem nake haɗa aikina. Shekararta biyu ba a taɓa buɗe ta ba. Yanzu ko ba na komai fankarta ba ta shiru. Wani ya ce in kai wa mai faci ya hure mini ita da injin iskarsa, wani kuma ya ce a canza mata man furosesa. Wanne zan yi?
Murtala, Rijiyar Ɗorowa

AMSA: Malam Murtala, don Allah kada ka kai wa mai faci. Iskar injinsa tana da ƙarfin da zai juya 'yar fankar fiye da ƙima har ya lalata mata gindi ko ya karya fiffike, kuma tankin injin yakan tara ruwa, sai ya feso shi tare da iskar. Sannan hurawa daga waje ba ta fitar da ƙura, cusa ta ciki take ƙara yi.

Bari in gaya maka abin da nake tararwa a kan teburina bayan kowane hunturu. In na kwance sukurorin ƙasa na ɗaga murfin, fankar kanta ba ta cika nuna datti ba, sai ɗan jan gari a fikafikanta. Sai ka cire ta tukuna za ka ga aikin. Tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ƙura da zaren tufafi da gashi sun haɗu sun dunƙule sun zama kamar ƙyallen tsohon bargo, ruwan ƙasa-ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Da hantsaki nake kama gefe ɗaya in ɗago shi gaba ɗaya bai tsinke ba. In ka ɗaga ƙarafan ka duba ta hasken taga kafin a cire shi, ko ɗigon haske ba ka gani. Ita fanka tana ta juyawa tana kuka, iskar ba ta da hanyar fita. A ƙananan laftof ramukan nan sun fi matsewa, don haka sun fi saurin toshewa.

Wanda zai yi maka aikin ya fara cire igiyar batir kafin ya taɓa komai. Ya danne fankar da yatsa lokacin da yake hurawa, ya yi amfani da buroshi mai laushi, ya huro daga ciki zuwa waje. A garin da hazo ke sauka daga ƙarshen Nuwamba har Fabrairu, lokacin da ya fi dacewa da wannan shara shi ne ƙarshen Fabrairu, ƙura ta lafa, zafi bai kankama ba. Kai da kake yawo da ita gidajen biki da filin kamu, sau biyu a shekara ba ta yi yawa ba.

Man furosesa kuma, a nan ne nake son ka buɗe kunne. Kafin kowa ya ɗaga tagullar, a tabbatar da abin da ke ƙarƙashinta. Laftof ɗin ROG da yawa daga 2020 zuwa yau ba mai aka shafa wa furosesarsu ba, ruwan ƙarfe ne, irin wanda Sony ta sa a PlayStation 5. Yana kwashe zafi fiye da mai, amma wuta na bi ta cikinsa. Ɗigo ɗaya in ya gangara kan allon injin, an gama, kuma yana cin alminiyom. Mai gyaran da bai saba da shi ba zai ɗaga ya ga abu na ƙyalli, ya sa tsumma ya goge, ya watsa shi ko'ina. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa aiki da ruwan ƙarfe. In ya tsaya kame-kame, ka ce ya share ƙura kawai ya rufe. Sau da yawa sharar kaɗai ta wadatar.

In kuma man gargajiya ne a ciki kuma ya bushe, a canza, amma ban da farin nan mai arha da ake sayarwa a sirinji babu suna, wata biyu ya tsane. Akwai wani faifai na kamfanin Honeywell mai suna PTM7950 da ake yankawa a shimfiɗa, yana narkewa in ya kai wajen digiri 45 ya cike gurbi, kuma yana daɗewa bai tsiyaye ba. Ta intanet ake yin odarsa. In ya iso a watan Afrilu kada ka bar shi a aljihun mashin a rana, ka sa shi a firji kafin a yanka, ya fi sauƙin ɓarewa.

TAMBAYA: Ɗana, 'yata ce ke karatun zanen gine-gine, an ce sai ta sami kwamfuta mai girafik. Ita ƙarama take so saboda ɗauka. Wani yaro a kasuwa ya nuna mini ta hannu, ya ce daga waje ta zo. Ni ban san kan abin ba. Me zan duba kada a cuce ni?
Alhaji Umaru, Tambuwal

AMSA: Baba Alhaji, Allah shi ƙara girma, shi kuma yi wa karatun nata albarka. Ba ta yi kuskure ba da ta nemi ƙarama, mai zuwa aji kullum nauyi na damunsa. Zanen AutoCAD ba ya wahalar da kwamfuta sosai. Inda ake buƙatar ƙarfi shi ne lokacin da za ta fitar da hoton gini kamar na gaske da manhaja irin su Lumion, kuma a nan ƙwaƙwalwa ce ke magana.

Ƙwaƙwalwar iri biyu ce. Akwai RAM, kada ya gaza giga 16, in da hali 32. Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne ƙananan laftof da yawa an like musu RAM a jikin allo da dalma, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Misali G14 daga 2020 zuwa 2023 rabi a like yake, amma akwai gurbi ɗaya na ƙari. Ta 2024 gaba ɗaya a like yake, abin da aka saya da shi za a ƙare. Razer Blade 14 ta 2021 ma haka. Saboda haka in yaron ya ce "ai daga baya sai a ƙara", a ce ya buɗe ya nuna gurbin. Sai ƙwaƙwalwar girafik, wadda ita ba a ƙara ta ko a wace laftof. RTX 3050 na farko giga 4 gare shi, ya yi kaɗan ga aikinta. RTX 3060 da 4050 giga 6, za a lallaɓa. RTX 4060 giga 8, shi na fi so mata.

Ta hannu ba laifi ba ce, amma kada a biya a tsaye. Ku tafi da wanda ya san kwamfuta, a kunna ta a jona caja, a buɗe mata gem ko wani aiki mai nauyi a bar ta rabin awa a nan cikin shagon. Laftof mai ciwon zafi minti biyar na farko lafiyayya ce. A kara kunne a ji ko fanka biyun duka suna juyawa, babu mai karkarwa. A duba kan sukurori ko sun sha sukundireba. A kifa ta a tebur a ga ko cikinta ya kumbura ko wurin linzamin yatsa ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan. Akwai umarnin da ake rubutawa a Windows, powercfg /batteryreport, yana nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. Caja kuma ta zama tata ta asali, mai wat 180 ko 240 gwargwadon samfurin. Jabun caja ta fi komai yawa a kayan hannu.

Ƙaramin abu guda da ake mantawa: G14 ta 2020 da ta 2021 ba su da kyamara ko kaɗan, sai a 2022 aka sa. In tana darasi ta Zoom sai an sayi ta jonawa. In kuma mai fuskar OLED ce, launinta ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma tana ƙyalli a wuri mai haske, kuma ba a son a bar hoto ɗaya a kanta awa da awanni da haske a ƙure.

TAMBAYA: Yaya, an ce mini batirin laftof ɗina yana awa takwas, amma in ina gem ko aiki da manhajar zane ta Blender da ƙyar yake awa ɗaya, kuma da an ɗauke wuta sai ta rage gudu. Muna da sola a gida. Zan iya jona ta a inbata? Fawabank fa?
Nafisa, Gawon Nama

AMSA: Ƙanwata Nafisa, duka maganganun biyu gaskiya ne. Batirin irin waɗannan laftof yana ɗaukar abin da bai wuce wat 70 zuwa 76 na awa ɗaya ba, kuma babu laftof da ke wuce 100, domin nan ne iyakar abin da ake barin fasinja ya shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. In rubutu kike yi, girafik na barci, tana shan kamar wat 10, sai ki sami awa bakwai ko takwas. In kin tashi girafik ta koma shan 60 ko fiye, ki raba da kanki ki gani. Rage gudun kuma da gangan ne, batir ba zai iya ba da wutar da caja ke bayarwa ba. Gem a kan batir ma ba na ba da shawararsa, ga zafin injin ga zafin batirin kansa, kuma zafi ne babban abin da ke tsufar da batir.

Inbata babu matsala. Cajar laftof tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ba ta da tsirfa. An fi son inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda masu sola ke kira fiyo-sayin, domin mai arhar takan sa caja ta yi zafi tana ƙugi. Abin lura shi ne lissafi. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya, kuma in na ruwa ne ko na jel, rabi ake so a sha. Laftof mai shan 150 a gem za ta cinye wannan rabin cikin awa takwas ko ƙasa da haka, ita kaɗai, ba a sa fankar ɗaki da fitilu ba. Kada mutanen gida su kwana cikin zafi saboda ke. Ki yi aikin Blender mai nauyi da hantsi, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye kuma ɗaki bai gama ɗaukar zafi ba. In janareto ne, a bari ya daidaita kafin ki jona, ki kuma cire kafin a kashe.

Fawabank mai USB-C da ke ba da wat 65 ko 100 zai yi miki karatu da rubutu, in laftof ɗin na karɓar caji ta wannan ƙofa. Ba zai ɗauki gem ba. Tunda kuma yawanci a jone take, ki shiga manhajar kamfanin laftof ɗin, MyASUS ko Lenovo Vantage ko makamanciyarsu ki tsayar da caji a kashi 80. Batirin da ke zaune a cike cikin zafi shi ne ke saurin kumbura.

TAMBAYA: In na ɗora ta a kan ƙanƙara ko na sa ta a firji na minti kaɗan fa? Kuma faifan nan mai fanka da ake sawa a ƙasa yana aiki?
Sani, Illela

AMSA: Sani, ƙanƙara da firji a'a. Ƙarfe mai sanyi in ya haɗu da iska mai ɗumi raɓa yake yi, kuma a ciki zai yi ta, kan allon injin, inda ba ka gani. Jiƙaƙƙen tsumma ma haka. Faifai mai fanka yana ɗan taimakawa, amma yawancin amfaninsa ɗagawar da yake yi mata ne, abin da katako biyu za su yi maka kyauta. In za ka saya, ka kifa laftof ɗin ka ga inda ramukan iskarta suke, ka nemi wanda fankarsa ta dace da wurin. Kuma ka sani yana ƙara tura mata ƙura, sai shara ta zo da wuri.

TAMBAYA: Malam, kullum kana ba mutane shawara. Kai wace iri kake riƙewa, kuma in ka sami kuɗi za ka sake sayen ƙarama?
Hadiza, Runjin Sambo

AMSA: Malama Hadiza, mai inci 14 ce, 'yar 2021, mai RTX 3060, ta hannu na saye ta. Zan sake sayen ƙarama, domin aikina na yawo ne, yau ofishin wani gobe makarantar wani, kuma tana shiga jakar da nake zuba kayan aiki. Da a ce zaune nake wuri ɗaya ina gem, da kwamfutar tebur zan haɗa da kuɗin, ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin shara, kuma duk abin da ya mutu a cikinta ana cire shi shi kaɗai.

Abin da ke burge ni da ita, in na kashe girafik ina rubutu ko duba takardu, tsit take yi, batir ya kai ni la'asar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya uku ne. Tana huro iska mai zafi ta gefen dama, daidai inda hannuna ke riƙe da linzami, a watan Afrilu sai na matsar da hannun can gefe. Fankarta in ta tashi da dare siririyar ƙara gare ta mai shiga kunne, har uwargida ta kafa dokar cewa in yara sun kwanta a koma zaure. Sannan fara ce. Inda tafin hannu ke zama ya riga ya koma kalar ƙasar Sakkwato, kuma babu abin gogewar da ya iya mayar da shi. Ta gaba mai ruwan toka zan nema, mai RAM giga 32, wadda ke fitar da iskarta ta baya.